Sassabin zamani a Maraɗi: yadda kututture ya yi abin da dashe ya kasa

Duk wanda ya taɓa noma a ƙasar jigawa ya san watan sassabe. Bazara ta kankama, gabas ta fara haɗa hadari, sai manomi ya saɓa gatari da adda ya bi gonarsa kunya-kunya, yana sare duk wani toho da ya ɗago kai tun bayan kaka: sabara, kalgo, geza, magarya. Ya tara su wuri guda ya cinna wuta. Gona ta yi fes, babu ko tsinke, mai wucewa ya ce wane manomi ne. Wanda ya bar ƙirare a tsakiyar gona kuwa, sunansa rago. Haka aka tashi aka tarar, haka malaman gona suka ƙara jaddadawa tun zamanin Turawa, lokacin da ake son gyaɗa da garmar shanu, ita kuma garma ba ta shiri da kututture.

A jihar Maraɗi ta Nijar wannan al'ada ta haɗu da abubuwa uku suka yi wa ƙasa taron dangi. Jama'a ta ƙaru har aka daina barin saura ta huta. Fari ya zo daga ƙarshen shekarun 1960 ya kai maƙura a 1973, ya sake dawowa a 1984. Garin Maraɗi kuma yana girma, kullum yana buƙatar itacen girki. Zuwa farkon shekarun 1980 mutum zai yi tafiya mai nisa a wasu wurare bai ga inuwar da zai raɓe ba. Idan ruwan shuka ya sauka gero ya tsiro, iskar da ke gaban hadari sai ta kwaso rairayi ta binne shi ko ta yayyanka ganyensa, dole a sake shuka, wani lokaci sau uku ko huɗu a damina ɗaya, ga iri ya ƙare a rumbu. Mata suka koma girki da kara da kashin shanu, wato abin da ya kamata ya ruɓe a gona ya zama taki shi ne yake ƙarewa a murhu.

Maganin da kowa ya sani a lokacin shi ne dashe. Gwamnati da ƙungiyoyin agaji suka buɗe wuraren renon itatuwa, ana cika baƙaƙen ledoji da ƙasa da taki, ana tsirar da dogon yaro da turare da wasu itatuwan da aka kawo daga waje, ana rabawa ƙauyuka idan damina ta faɗi. An kashe kuɗi masu yawa. Ba za a ce duka banza ba ne, domin layukan dogon yaro da aka dasa a kwarin Majiya ta jihar Tawa daga 1975 don tare iska sun kama, sun yi amfani. Amma kwari ne, ruwa yana kusa, kuma an biya masu gadi. A kan tudu labarin daban yake.

Mu dubi dashen nan da kyau, tun da har yau shi muke yi kowace shekara. Ɗan itacen da ya yi wata uku ko huɗu a leda, ana ba shi ruwa safe da yamma a ƙarƙashin rumfa, saiwarsa ba ta wuce taƙi ɗaya ba, sau da yawa ma ta nannaɗe a gindin ledar. A ɗauke shi a mota, a girgiza shi a hanya, a saka shi a rami a daidai lokacin da manomi ba ya da sukunin kallonsa saboda noman fari ya taso. Ruwa ya ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Daga nan sai ya yi wata bakwai zuwa takwas babu ɗigon ruwa, ga hunturu, ga zafin bazara da ke sa rairayi ya ƙona tafin ƙafa, ga gara tana cin saiwa, ga awaki an sake su bayan girbi, ba su ga wani kore a fili sai shi. Kuma sau da yawa an dasa shi ne a gandun gari, wanda kowa ke da shi, wato babu mai shi.

Cikin masu wannan aiki akwai wani matashi ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, wanda ya karanta aikin gona, ya zo Nijar da iyalinsa a farkon shekarun 1980 a ƙarƙashin ƙungiyar mishan ta SIM, ya zauna a Maraɗi. Shi da kansa ya sha faɗa cewa abin da yake rayuwa cikin itatuwan da suke dasawa bai kai kashi goma cikin ɗari ba. A 1983, yana kan hanyar kai dashe ƙauye, ya tsaya ya rage iskar tayoyin motarsa don ta iya ratsa rairayi. Yana tsaye sai idonsa ya faɗa kan ɗaya daga cikin ƙananan cunkus ɗin ganyen nan da ke warwatse a fili, waɗanda ya saba wucewa yana ɗaukar su ciyayi ne marasa amfani. Ya matsa ya duba ganyen. Sai ya ga ashe itace ne da aka sare, kututturensa yana nan da rai a ƙasa, yana toho kowace shekara ana sake sarewa. Ya ɗaga kai ya ga irinsu iyakar ganinsa. Daga baya ya riƙa kiran abin da dajin da ke ƙarƙashin ƙasa.

A nan ne hikimar take, kuma ba mai wuyar ganewa ba ce. Kututturen kalgo ko sabara da aka shekara ashirin ana sarewa, saiwarsa ba ta san an sare shi ba. Ta riga ta nutse ta kai ga danshi, ta tara abinci, ta saba da gara da fari. Abin da ɗan dashe zai yi shekaru yana fafutukar samu, shi yana da shi tun tuni. Matsalarsa ɗaya ce: idan ya yi toho yakan fitar da rassa ashirin ko talatin a lokaci guda, kowanne yana jan ruwa da abinci, babu wanda zai miƙe, kafin a yi haka kuma gatari ya dawo. Idan aka rage su aka bar 'yan kaɗan, duk ƙarfin wannan tsohuwar saiwa sai ya tattaru a kansu. Shi ya sa a shekara biyu ko uku tohon ya wuce tsayin mutum, ba tare da an ba shi ko moɗa ɗaya ta ruwa ba.

Ya kamata a faɗi gaskiya, ba baƙon abu ba ne ga manoman ƙasar Hausa. Kakanninmu sun san barin gawo da kuka da tsamiya da ɗorawa a gona, kuma a Damagaram har yau ana ba da labarin tsananin hukuncin da Sarki Tanimu ya tanadar wa mai saran gawo. Abin da Rinaudo da abokan aikinsa 'yan ƙasa suka yi shi ne farfaɗo da abin da aka yar, da tsara shi, da nacewa a kansa lokacin da kowa ke ganin wauta ce. Manoma suka raɗa masa suna sassabin zamani, sunan da ya dace, domin bai ce a daina sassabe ba, cewa ya yi a yi shi da zaɓe.

Farkon lamarin bai yi daɗi ba. Manoma kimanin goma ne suka yarda su gwada a wani ɓangare na gonakinsu. Aka yi musu dariya. Itatuwan suka fara tashi, sai aka riƙa bin dare ana sarewa, wasu don buƙatar itace, wasu don kawai ba su ga dalilin da wani zai fita daban ba. Da a haka aka tsaya, da maganar ta mutu.

Sai yunwar 1984 ta zo, wadda a yankin ake kira El-Buhari saboda ta faɗo lokacin da gwamnatin Janar Buhari a Najeriya ta rufe iyaka. SIM ta shiga rabon abinci, aka haɗa rabon da aiki: wanda zai karɓi hatsi sai ya bar itatuwa a gonarsa ya gyara su. A ƙauyuka kusan ɗari aka yi haka, aka raya itatuwa wajen rabin miliyan. Da abinci ya ƙare aka samu damina, kimanin kashi biyu cikin uku na itatuwan nan suka sha gatari. Mutane sun yi ne don ciki, ba don sun gamsu ba, kuma ban ga laifinsu ba. Mai rubuta rahoto a wannan shekarar zai iya cewa shirin ya rushe. Amma kashi ɗayan da ya rage shi ya yi aikin. Masu shi sun ga geronsu bai ragu ba kamar yadda ake tsoro, sun ga iska ba ta binne shuka a inda itatuwa suke, sun samu itacen girki da dirkoki daga gonarsu, wasu har sun kai kasuwa. Maƙwabci ya gani da idonsa. Su ma waɗanda suka sare ba su yi asarar komai ba, tun da kututturen yana nan, suka sake barin toho a shekarun da suka biyo baya.

Akwai wani ƙulli da ya fi fari da awaki tsanani, shi ne doka. Tun zamanin Faransa, har da dokar daji ta 1974, itatuwa masu daraja na hukuma ne ko da a tsakiyar gonarka suka tsiro. Ka sare reshen gawon da ke gonar ubanka, ma'aikacin gandun daji ya ci ka tara. To me zai sa mutum ya raini abin da zai jawo masa masifa? Dabarar manomi ita ce ya kashe itacen tun yana ƙarami kafin a gan shi. Dokar da aka yi don kare itace ita ce ta hana shi tashi. Masu shirin na Maraɗi suka nemi hukumomin daji na yankin su sassauta, a bar manomi ya amfana da abin da ya raina da hannunsa, aka kuma samu haɗin kai. Bayan haka ƙarfin gwamnati a karkara ya ragu a ƙarshen shekarun 1980 da cikin 1990 saboda matsin tattalin arziki da sauye-sauyen siyasa, mutane suka fara ɗaukar itatuwan gonakinsu a matsayin nasu. Dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004 suka ƙara buɗe ƙofa, sannan a 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da doka ta musamman da ta amince wa manomi da haƙƙin itatuwan da ya raya ta wannan hanya. A ganina wannan shi ne rabin labarin, kuma shi ne rabin da aka fi mantawa idan ana ba da shi.

Yadda ake aikin a gona kuwa, ga shi. Kafin sassabe manomi yakan zaga ya ga irin kututturan da yake da su, ya zaɓi waɗanda yake so. Babu wanda zai zaɓa masa. Mai dabbobi zai fi son gawo da kalgo saboda 'ya'yansu, mai son itacen girki da na rufin ɗaki zai bar sabara da taramniya da geza, matan gida za su ce kada a taɓa kuka da aduwa da magarya da ɗanya. Idan ya durƙusa gaban kututturen kalgo mai toho ashirin, sai ya duba waɗanda suka fi kauri da miƙewa ya bar uku zuwa biyar, ya cire sauran tun daga gindi. Waɗanda ya bari sai ya rage musu rassan gefe daga ƙasa zuwa kusan rabin tsayinsu, ya bar na sama. Kada ya yi zarin aske su sai ɗan tukku a kai, domin irin wannan sandar iska takan karya ta, akuya ma takan lanƙwaso ta ta cinye kan.

Kayan aikin shi ne wanda ke hannu, gatari ko adda ko lauje, sharaɗin kawai ya kasance da kaifi. Kuma ana saran reshe ne daga ƙasa zuwa sama. Idan aka saro daga sama, reshen yakan tsage ya ɓare ɓawon jikin itacen ya bar rauni mai tsawo, ta nan gara da cuta suke shiga. Wannan ɗan bambancin na juya hannu yana raba itacen da zai yi lafiya da wanda zai ruɓe daga ciki. Ganyen da aka sassabe a bar shi a ƙasa ya rufe ta, ƙaya kuma a kewaye gindin da ita saboda dabbobi. Wasu sukan ɗaura ƙyalle a jikin sandar don mai wucewa ya san da mai ita. Bayan 'yan watanni sai a dawo, domin kututturen zai sake fitar da sabon toho, a cire shi.

Dalilin barin sanda biyar maimakon ɗaya yana da kyau a fahimce shi. Talaka ba zai iya jiran shekara goma kafin ya ga amfanin itace ba. Idan yana da biyar, bana ya sare ɗaya ya yi girki ko ya sayar, ya bar sabon toho ya maye gurbinta, baɗi ya sare wata, ita kuwa wadda ta fi kyau a bar ta ta zama babban itace. Ana ci ana raino a lokaci guda. Da farko shawarar da aka bayar ita ce a bar kimanin kututture 40 a kadada ɗaya, amma manoma da yawa da suka ga amfanin sun zarce haka da kansu.

Tsoron da ya fi yawa shi ne inuwa da tsuntsaye, kuma tsoro ne mai dalili, gero ba ya son inuwa. Amsar ita ce gyaran rassa a farkon damina, da sanin halin kowane itace. Gawo dai an san shi, yana kaɗe ganye da damina ya fitar da rani, ga saiwarsa tana ƙara wa ƙasa sinadarin da taki ke bayarwa, dabbobi kuma su kwanta a inuwarsa da rani su bar kashi. Kowane manomi ya san geron gindin gawo ya fi na fili. Sabara da kalgo ma, binciken da aka yi a Senegal ya nuna saiwoyinsu sukan jawo danshi daga can ƙasa da dare su sake shi a sama, inda saiwar gero take iya samu. Ga kuma ƙurar da iska ke ɗauke da ita, wadda take taruwa a gindinsu ta zama ɗan tudu mai albarka.

Saura maganar ɓarayin itace da dabbobi, wadda mutum ɗaya ba zai iya da ita ba. Ƙauyen Ɗan Saga da ke gundumar Agye ya yi suna a kan wannan. Da tallafin wani shiri na asusun raya aikin gona na duniya, IFAD, mutanen garin suka kafa kwamitin sa ido, suka saka mata a ciki, suka saka wakilan Fulani makiyaya, suka yi dokokinsu na sara da tara, suka sanar da kowa. Shigar da makiyaya ba ƙaramin tunani ba ne. Wanda zai sassake reshen gawo ya ba shanunsa, idan ba a zauna da shi an yi yarjejeniya ba, gaba za a yi, kuma itacen ne zai biya.

Abin mamaki, shekaru kusan ashirin wannan abu yana yaɗuwa daga gona zuwa gona, ta bakin manoma a kasuwa da wurin biki da ta rediyo, duniya ba ta sani ba. Sai a tsakiyar shekarun 2000 masu bincike, cikinsu har da Chris Reij ɗan ƙasar Holan da Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, tare da masana 'yan Nijar, suka kwatanta tsofaffin hotunan sama na 1975 da sababbi, suka kuma bi ƙasa suka duba. Ƙiyasinsu shi ne kadada kusan miliyan 5 a kudancin Nijar sun farfaɗo, da itatuwa wajen miliyan 200. A jihar Damagaram, yankunan Magarya da Matamai da Mirya kaɗai, gawo ya mamaye kimanin kadada miliyan ɗaya, kuma yawancinsa manoma ne suka raine shi da kansu ba tare da wani shiri ya je musu ba. Sun kuma ƙiyasta ƙarin hatsin da ake samu ya kai tan 500,000 a shekara. Wannan adadi na ƙarshe lissafi ne da aka gina a kan matsakaicin ƙarin amfanin kadada, kuma masana sun yi ta muhawara a kan ko nawa ne rabon sassabin a ciki, nawa ne na dawowar ruwan sama bayan shekarun fari. Ruwa ya taimaka, babu musu. Sai dai hotunan sun nuna itatuwan sun fi yawa a gonaki, inda mutane suka fi cunkoso, fiye da dajin da babu mai shi, alhali ruwan ɗaya ne ya sauka a kansu.

Rinaudo ya bar Nijar a 1999 ya koma aiki da ƙungiyar agaji ta World Vision, ya kai dabarar wasu ƙasashe, kamar Humbo a Habasha da Talensi a arewacin Ghana. A 2018 aka ba shi lambar yabo ta Right Livelihood, a shekarar da aka ba Yacouba Sawadogo na Burkina Faso, manomin da ya farfaɗo da dabarar da ake kira "zai", wato haƙa ƙananan ramuka a zuba taki a shuka a ciki don su tare ruwa.

Sassabin zamani yana da iyakarsa. Inda tarakta ta tumɓuke kututture, ko ƙasa ta zama faƙo babu saiwa babu iri, sai an haɗa da ramuka da taki da shuka iri ko dashe. Abin da ke ƙasa shi zai fito, saboda haka gonar da sabara kaɗai ta rage mata sabara za ta bayar, mai son mangwaro ko zogale ko magaryar aure dole ya dasa ya yi ban ruwa. Mai aron gona ko mai haya ba ya barin itace, don mai gonar zai ga kamar ana neman kafa hujja a kan ƙasarsa. Mata su suka fi cin moriyar itacen girki da ganye da 'ya'yan itatuwa, amma akasari ba su ke yanke shawarar abin da za a bari ba. Kuma bai kawar da yunwa daga Maraɗi ba, an ga yunwar da aka yi a 2005. Abin da ya yi shi ne ya ba gida wani abin kamawa idan damina ta gaza: itacen sayarwa, ganyen miya, abincin dabbobi.

Daga Maraɗi zuwa Katsina tafiyar 'yan sa'o'i ce, daga Magarya zuwa Daura ko Ɓaɓura ma haka. Ƙasar iri ɗaya ce, gero ɗaya, sabara da kalgo ɗaya, harshe ɗaya. Duk da haka a ɓangaren Najeriya, idan aka tashi maganar kwararowar hamada, abin da aka fi gani shi ne bikin dashen itatuwa: a kafa rumfa, babban baƙo ya dasa ɗaya a zuba masa ruwa da buta, a sanar da adadin da aka raba. Na taɓa karɓar irin wannan rabon, dashe goma sha biyu, na jera su a gefen wata 'yar gona da damina. Kafin watan Maris biyu suka rage, su ma don suna kusa da rijiya ne. A cikin gonar nan kuwa akwai kututturan kalgo da na sa aka sassabe a wannan shekarar, na biya kuɗin aikin da hannuna. Da bazarar da ta biyo baya na hana a taɓa guda bakwai daga cikinsu, na zauna da adda na rage musu toho, na bar huɗu-huɗu. A damina ta uku ɗaya daga cikinsu ya yi inuwar da masu noma suke ajiye gorar ruwa da ƙwaryar fura a ƙarƙashinta.